Taswirar Da Ta Jiƙe

A zauren coci na Todmorden muka taru,
daren Talata, yayyafi na ta aikinsa.
Kujera arba'in na jera,
mutum goma sha bakwai suka zo,
uku a ciki don shayi.

Na shimfiɗa taswira, na ce
ba katanga muka zo ginawa ba.
Za mu bar kogi ya yi gwiwa inda ya saba,
mu gitta gungume a rafukan tudu,
ruwa ya yi tuntuɓe, ya numfasa,
kafin ya sauko gari.

Shiru. Wani ya yi tari.

Tsohuwa Holroyd ta dafa sanda ta miƙe:
"Zanen fensir uku ne a bangon kicin ɗina,
na sama ya wuce kafaɗata.
Itace za ki ba ni?
Siminti nake so, in taɓa shi in yi barci."

Shabbir mai shagon darduma bai ce uffan ba.
Takardar inshora ya ɗora kan kogin da na zana,
ya koma ya zauna.

Sai Ackroyd, mai tumaki a kan tudu:
"Wannan shuɗin da kika shafa, gonata ce.
Nan nake yankar ingiricin hunturu.
Kun raba ruwan gari, kun ba ni kaso mai tsoka,
ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa."

Maganar ta tsaya mini a maƙoshi.
Ni 'yar Haɗejiya ce, na san fadama.
Kakana kan jira cikowar ruwa kamar baƙo mai tsaraba,
har shekarar da masu takarda suka zo,
suka auna, suka tafi, ba sallama.
Ashe yau ni ce mai takardar.

Na naɗe taswira.

Ran Asabar na hau tudu da takalmin roba na aro.
Bai gaishe ni ba, karensa ne ya yi.
Muka bi shinge cikin taɓo,
ya nuna wani kwari da sandarsa:
"Nan yake bi. Na'urarki ta yi ƙarya.
Nan ya ci mini tinkiya shida."
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Na ba shi fensir,
ya ja layi a takardar da ruwa ya riga ya laƙume.

Shekara uku ya yarda, ba ƙari,
rabin fili, kuma a biya ingirici.
Holroyd har yau siminti take nema,
amma ta aiko jikanta ya ja gungume.

Jiya an kwana ana ruwa.
Da asuba waya ta yi ƙara, muryar Ackroyd:
"Zo ki ga tafkinki.
Agwagi sun riga ki."