Waƙafi a Brno

Ran Talata Květoslava ta turo ƙofa da gwiwar hannu,
kofi a dama, takardu a hagu,
ta ce, "Furotin ɗina ya karye."

Na bi ta hawa na uku.
A allonta, abin da ya kamata ya murɗe
kamar igiyar da aka tufka da haƙuri
ya koma matakala, gaɓa kan gaɓa.
Fararen ƙwallayen haidurojin kuwa,
masu maƙalewa a gefe kamar raɓa a bakin ganye,
ko ɗaya babu.
Sun yi ɓatan dabo.

Na buɗe fayil ɗin a tawa na'urar: lafiya lau.
A ta Radim: lafiya lau.
Radim ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da ɓare lemo.

Na fara da zargin katin hoto,
don shi ne mai baƙin jini a gidan nan.
Na zare shi, na hure ƙura, na sa wani.
Matakala na nan.
Na zargi waya, na zargi allon kansa,
na zargi sabuntawar daren Lahadi,
har na zargi idona.

Laraba ta wuce. Alhamis ƙanƙara ta sauko,
taragon lantarki na kuka a kwanar titi,
ni ina bin layukan manhaja ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman allura a cikin ruwa.
Wanda ya rubuta su ya bar aiki shekara tara,
ya bar mini kalma biyu a gefen shafi:
"kar a taɓa."

Květoslava ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Shekara huɗu ta ba wannan ƙwayar,
ta daskarar da ita, ta haska ta, ta auna ta,
ga taro ranar Litinin a Olomouc.
Takan tsaya bayana kawai, tana juya cokali.

Daren Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya,
injin ɗumama ɗaki na ƙwanƙwasa haƙarƙarinsa,
na ce wa na'urar, to, daina zana mini,
faɗa mini lambobin da kike gani.

Ta zubo su.
Uku. Bakwai. Sifili. Sifili. Sifili.
Babu rabi, babu kwata,
babu ko ɓurɓushi bayan cikakkiyar lamba.

Sai idona ya sauka ƙasan allo,
inda aka rubuta kwanan wata da harshenmu.
Ita kaɗai a ginin nan
ta saita kwamfutarta da yaren kakarta.
Mu kuwa a nan da waƙafi muke yanka lamba,
fayil ɗin ya zo da ɗigo.
Na'urar na jiran waƙafi, ta ci karo da ɗigo,
ta ɗauka magana ta ƙare.
Duk abin da ya biyo baya ta zubar,
duk abin da bai kai ɗaya ba ta kira shi babu.

Ana zaton wuta a maƙera.

Layi ɗaya na gyara.
Kwana huɗu, layi ɗaya,
ko tsawon ɗan yatsana bai kai ba.

Na danna. Igiya ta murɗe.
Fararen nan suka dawo dubu-dubu,
kowa ya zauna inda yake tun farko,
ba su ma san an neme su ba.

Ban kira kowa ba.
Na juya furotin ɗin a hankali, hagu, dama,
ni kaɗai da shi da hasken allo.
Sannan na goge "kar a taɓa,"
na rubuta dalili, da kwanan wata, da sunana,
na ruga don kar taragon ƙarshe ya bar ni.