Ban Taɓa Asali Ba

Shagona na bayan Taminus, taku huɗu ne faɗinsa:
kwamfuta ɗaya, kujera biyu, janareto mai tari.
Ran Laraba, ana yayyafin nan na Jos mai shiga ƙashi,
Lantana ta shigo da ambulan a ƙarƙashin mayafi.

Hoto ne. Shi kaɗai ya rage, in ji ta.
Mahaifinta, Tanimu, a bakin ramin kuza a Bukur,
kwano a ka, diga a kafaɗa.
Rana ta cinye rabin fuskar, kyankyaso ya ci gefe,
ga tabo tun daga gira har kunne
inda bakin shebur ya taɓa gaishe shi.

"Ka haska shi," ta ce. "Ka share tabon.
Ka sa masa rigar mutunci, jikoki za su gani."

Na ce to.
Na kwafe shi a na'ura, na miƙa mata takardarta,
na kulle na farkon, na raɗa masa suna: asali.
Sannan na shiga shimfiɗa a kansa
kamar mai jera gilashi bisa gilashi.
Wannan na haske, wancan na inuwa,
wani ya tsotse jan da shekaru suka zuba,
wani siriri, aikinsa rufe tabo kawai.
Rigar ma shimfiɗa ce, shuɗiya, aron wani ango.
Ko ɗigo ban kankare a ƙasa ba.
Rufi nake, ba yanka ba.

Maigidana Dalyop, da ya koya min sana'a a Dilimi,
da reza yake gyaran fim, da tsinin fensir.
Ya taɓa bin ƙurji a kumatun wata amarya
ya haɗa da tawadar Allah,
mijin ya zo har shago yana cewa a ba shi matarsa.
Tun ranar yakan ce min: yaro, reza zarar bunu ce.
Ya rasu bai ga zamanin da ake cewa a fasa, a fasu ba.

Kwana tara, sai ga Lantana.
Ba ta zauna ba.
"Na rataye shi a falo, kowa na yabawa.
Inna ta daɗe tana kallo,
ta ce, wane alhaji ne wannan?"
Ta murza bakin mayafi. "Shi ke nan ya ɓaci, ko?"

Na jawo mata kujera.
Kowace shimfiɗa da ɗan idonta a gefe,
ka rufe idon, ta kau.
Na rufe ɗaya, rigar ango ta koma wa mai ita.
Na rufe na biyu,
tabon ya fito daga gira har kunne,
bai ragu ba, bai yi fushi ba,
yana nan inda na same shi, yana jira.
Na kai hannu kan na haske, ta riƙe min wuyan hannu:
"Bar wannan. Ban taɓa ganin idonsa sosai ba sai yanzu."

Ban karɓi kuɗin komawa ba. Me na yi? Ido na rufe.

Da yamma a Keke, hanyar gida,
mun wuce kududdufin da suka haƙa, su Tanimu,
ruwa kore, shiru, ba a san zurfinsa ba.
Nan babu wanda ya ajiye asali kafin ya sa diga.
Na tuna maganar da na yaɓa wa ƙanena bara a gidan biki,
kai tsaye, kan takarda ɗaya tilo,
na laluba gefenta ko akwai ɗan ido.

Mai Keke ya ce, Oga, ina za ka sauka?
Na ce wuce da ni gaba kaɗan, Anguwar Rogo,
akwai wanda zan gani.