Wata Huɗu a Ƙasa

Nan kaɗai waya ke kamawa,
kan tudun bayan makabarta, gindin ɗorawar Malam Jatau.
Kullum bayan la'asar nakan hau,
in ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa,
ina jiran saƙon banki.
Ɗorawa ta yi fure, ta zubar, ta yi 'ya'ya.
Saƙo bai zo ba.

Bitrus ya kira daga Legas, murya tana yankewa:
"Tanimu, jirgi uku suka rage mana,
an kwance wa biyu kayan ciki an ɗaura wa na ukun.
Mai mai ya ce ya rufe littafin bashi,
sai an zube masa a ƙasa, kuma da dala."
Kyaftin Hajara ta ce a tafi yajin aiki.
Tsoho Ilu, mai shekara talatin a sama, ya ce yajin me?
Wa ke tatsar saniyar da ta kwanta?
A tayar da ita tukuna.
Hajara ta ce saniya ƙalau take,
ƙwaryar nonon ce ake bi da ita ta ƙofar baya,
ko ba ku ga sabuwar motar manaja ba?
Kowa da gaskiyarsa.
Katina ya ƙare kafin a kai ƙarshe.

Ni ban iya lissafin ofis ba.
Allura na sani, ita ba ta ƙarya.
Ran da aka ce in rage mai in ƙara kaya,
ga hadari ya haɗo gabas da Kano,
ga rai ɗari da arba'in a bayana,
har da jaririyar da na ji kukanta ta bayan ƙofa,
sai na rufe biro, na mayar aljihu.
An ce na cika taurin kai.
Ba a kore ni ba. An dai ce in je in huta.

Ga ni ina hutawa.

A fadamar Auyo, Yaya Barau ya durƙusa gaban injin ban-ruwa,
ya girgiza jarka, ko motsi.
Shinkafa ta fara naɗe ganye.
Ya ce, "Kai da tanka guda ke yi maka karin kumallo,
ranta min galan biyu mana."
Na laluba aljihu: katin shaida, da biron nan.
Ya yi dariya har da tari.
Muka je muka tono jigon Baba daga bayan rumbu,
gara ta ci gindinsa, amma ya tsaya.

Inna ta wanke farar rigar, ta goge da dutsen gawayi,
ta rataye ta inda baƙi za su gani.
Ta ce, "Wai shi jirgin me yake sha?"
Na ce, ɗan'uwan kananzir ne, Inna.
Ta dubi tsohuwar fitilar ƙwai a kan bango,
wadda gizo-gizo ya yi wa mayafi.
"To ai mu ya fara yi wa ƙaura," in ji ta.
"Ku sai yanzu labari ya iso muku can sama."

Jiya da asuba muna bakin ruwa,
wani ya wuce, can ƙololuwa, fitila tana ƙyaftawa.
Na san tsayinsa, na san inda ya dosa,
na san wanda ke gaba yana duban allura
yana tuna kuɗin makarantar yara.
Tafin hannuna duk ya yi kanta.
Na tsaya, baki sake.

Barau ya ce, "Direban sama,
gugar ta cika. Ja."