Mai Ƙirgar Sauro

Ni ne Barma na Garin Malam,
wanda ake biya ya ƙirga sauro.
Ku yi dariyarku. Inna ma ta yi,
har ta ajiye ludayi ta share ido.

Da magariba nakan rataye tarko
a ɗakin Ɗan Tanin, can bakin tafki,
da asuba in je in kwance,
in zube su bisa farar takarda:
mace gefe, namiji gefe,
wadda ta ƙoshi da jini daban da mai yunwa.
Daren Laraba ɗari biyu da sha ɗaya.
Daren Alhamis iska ta taso, tara kacal.

Kuɗin, in ji su, na wata tsohuwa ne
a ƙasar da ruwa ke daskarewa.
Mijinta ya tara su a cinikin gilashi,
ya mutu, ta zuba su a gidauniya.
Ba ta san Damagaram ba.
Ba ta taɓa dafa duwatsun Birni
ta ji suna huci har bayan lisha ba,
ba ta ga jerin jarkoki a bakin famfo
tun kafin ladan ya farka ba.
Hotonta na nan a bango, sama da firji,
firjin da ya fi mu gata,
shi kaɗai ke da injin wuta nasa.

Likita Gaptiya ta ce da ni:
"Barma, kada ka ƙara, kada ka rage.
Ƙarya ɗaya cikin lissafin nan
na iya kwantar da yaro a Mirriya."
Na ce to.

Ban gaya mata zancen Cima ba,
ɗiyata ta biyu, damina huɗu ke nan.
Zazzaɓin kwana uku.
Na hau kabu-kabu da ita kamar garwashi a ƙirjina,
na dawo a ƙasa, ta huce.
Takardar ba ta da gurbin wannan.
Akwai na kwanan wata, na unguwa, na adadi.

Jiya wasiƙa ta iso.
Tsohuwa ta rasu. Jikoki za su zauna
su duba: a ci gaba da sauro,
ko a koma gina azuzuwa a wata ƙasa?
Aji ma alheri ne, ban musa ba.
Wanda ya ari guga da igiya
ba shi ke faɗin ran da za a bar rijiya ba.
Sai dai sauro, babu wanda ya rubuta masa.

Na tsaya gaban hoton na jima,
ban san da wane harshe zan yi ta'aziyya ba.
Na goge masa ƙura da hannun riga.

Yau hadari ya haɗu ta gabas,
tafki zai cika, gobe aiki zai yi yawa.
Na feƙe fensir biyu.
Ɗan Tanin, buɗe ƙofa, ga tarko na kawo.