Cokali Guda

A wani ɗakin asibiti a Dundee,
ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi,
malama Ishbel ta haska bishiya a bango.
Ba ganye, ba tsuntsu.
Rassa kawai, da ɗigo a bakin kowane reshe,
kowane ɗigo jinin mutum ne da aka cire wa suna.

Ta ce ƙwayar nan mai cin hanta
marubuciya ce mai garaje:
tana kwafar kanta dare da rana,
ta yi tuntuɓe a harafi, ba ta komawa ta gyara.
'Ya'ya su gaji kuskuren,
jikoki su ƙara nasu.
Da kuskuren ake gane dangi,
yadda wushirya ke tona 'yan gida ɗaya.

Sai ta nuna wani lungu, can ƙasa ta hagu:
ɗigo bakwai sun cure wuri guda
kamar masu jin ɗumin wuta.
"Ba mu san su ba," in ji ta, "ba a kuma yarda mu sani ba."

Ni kuwa na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur.
Bene hawa na goma sha ɗaya.
Ni. Rab mai gurgun kare.
Morven da ke yin fito kafin ta ɗaure dantse.
Tagwayen nan marasa magana. Tsoho Dougal.
Da Euan, ƙanena.

Mun yi wayo, a ganinmu.
Kowa da allurarsa, sabuwa fil a leda,
ba mai taɓa ta wani.
Amma cokalin guda ne,
mai baƙin gindi, mai lanƙwasasshen wuya,
ruwan kofi guda, auduga guda.
Ga sanyi, ga jiki na kaɗawa,
wa zai sauka hawa goma sha ɗaya
saboda cokali?

Na ɗaga hannu. Murya ta fito a shaƙe.
Bishiyar tana faɗin wanda ya shafa wa wani?
Ta girgiza kai.
Ta san zumunci, ba ta san mafari ba.
Takan ce waɗannan rijiya ɗaya suka sha,
ba ta cewa ga gugan da ya fara shiga.

Shekara shida ina tafe da tambayar nan
kamar tsakuwa a takalmi.
Na zo a ɗaure ni ko a wanke ni.
Aka miƙo mini shayi da biskit.

Ni na warke. Ƙwaya kullum, mako goma sha biyu,
jini ya koma farar takarda.
Euan bai jira ba.
Ba ma hantar ce ta ɗauke shi ba,
wani daren Janairu ne, da ƙofa a kulle.

To ga shi nan, in har shi ne,
ɗigo a jikin ɗigo,
harafi biyu kacal tsakaninmu.
Rabon da mu yi kusa haka
tun muna faɗa a kan bargo ɗaya.

Ishbel ta kashe hasken, bango ya koma bango.
Ta ce reshen bai daina toho ba:
bara bakwai ne, bana an ga na takwas.
Motar gwaji za ta fita ran Alhamis,
sai dai ba su san ƙofar da za su buga ba.

Na san bugun da Rab yake buɗe wa.
Ina da lambar Morven, in ba ta sauya ba.

Na fito. Kogin Tay ya yi launin dalma.
A jakata akwai cokula ɗari,
kowane a ledarsa,
suna ƙara kaɗan-kaɗan in na taka.