Allurar Kamfas

A Sheffield, uku da rabi, rana har ta fara naɗe tabarma.
Na goge allo. Kieran bai fita ba.

Ya ce, "Malam Tukur, kai ka ce kada mu yarda sai mun auna.
To da wa kake magana a ɗakin ajiya,
goshi a ƙasa, tsakanin kwalaben gwaji?"

Shekara goma sha tara ina koyar da maganaɗisu,
ban taɓa ganin ƙarfinsa ba, sai abin da ya jawo.
Na so in ba shi wannan amsa,
sai na ji wayo ne kawai:
maganaɗisu na da lamba, tana fitowa a jarrabawa.
Wanda nake wa sujada ba ya hawa sikeli.

Kamfas ɗin da na raba musu da safe,
shi nake ara in nemi alƙibla,
gabas ɗin da a nan ya karkata kudu.
Hankali ke nuna mini inda zan fuskanta,
amma ba shi ya ce in tsaya ba.

Daren da aka bugo daga Funtuwa cewa Inna ta cika,
na san sunan ciwon,
na san yadda jini ke daskarewa a jijiya.
Sanin bai riƙe mini gwiwa ba.

"Wannan ba ni da ma'auninsa," na ce.
Ya ɗaga kafaɗa, ya saɓa jaka. Bas ba ta jira.

Na ɗora kamfas a tafin hannu.
Allurar ta yi ta rawa, ta yi ta rawa
kafin ta natsu.
La'asar na neman kuɓuce mini.