Jirgin da Na Saya a Jabi

Ranar da giratuti ya faɗo a asusuna
ban tafi Zuba duba fili ba,
ban taya a-daidaita-sahu ba, yadda Uwale ta roƙa.
Na shiga motar Kubwa, na sauka a Jabi,
na gangara har bakin tafki.

Can yake, a jingine kan tayoyi biyu,
farin da ya gaji da fari.
Gansakuka ta yi masa gemu,
kujerar matuƙi ta tsage, soso ya leƙo
kamar yaro mai gwalo.

Cindo dillali ya doki gefensa da tafi:
“Daga Legas ya zo, Alhaji. Ƙarfin doki arba'in.
Mai shi bai hau shi sau goma ba.”
Na ce ni ba Alhaji ba ne,
kuma jirgin da aka hau sau goma
ba ya cinye igiyarsa haka.

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa manya a garin nan,
Maitama zuwa sakateriya, sakateriya zuwa filin jirgi.
Na san motar da aka juya wa mita
tun daga ƙarar ƙofarta.
Amma jirgin ruwa, rabona da shi tun Yawuri,
tun Baba na zaune a gindin kwale-kwale
yana yanka Kwara da filafili,
ni ina kwarfar ruwa da ƙoƙo.

Tamuno makanike ya buɗe murfi,
ya shinshina fulogi, ya shafa farfela mai giɓi.
Ya ja ni gefe da Hausarsa ta bariki:
“Oga, ciki lafiya. Ya daɗe bai shiga ruwa ba ne.”
Na ce mu biyu ke nan.

Ƙarƙashin sabon fenti, inda rana ta kankare,
akwai sunan wata da aka shafe.
Ban tambaya ba.
Wanda ya sa wa jirgi sunan mace, ya kuma sayar,
yana da zancen da ba na dillali ba.

Muka tura shi.
Ja ɗaya, tari. Ja biyu, tari.
A na biyar ya yi gurnani,
ya fesa hayaƙi, hancinsa ya ɗaga,
hular Cindo ta yi ban kwana da kansa,
benaye suka shiga rawa a cikin ruwa.

Tsakiyar tafki ya mutu.

Cindo ya shiga zufa da rantsuwa,
man ne, wallahi man bunburutu ne.
Tamuno na laluben sifana.
Ni kuwa na ji abin da rabona da ji
tun ina ɗan sha biyu:
ruwa yana lasar cikin jirgi, lak, lak,
wani kifi ya juya ya koma,
hon ɗin Abuja duk ya dawo
kukan sauro ɗaya a bayan labule.

Akwai filafili a ƙarƙashin kujera.
Hannuna ya riga ni tunawa.

Da muka taɓa gaɓa Cindo ya kasa haɗa ido da ni,
da bakinsa ya zabge dubu ɗari huɗu.
Na taya ƙasa da haka don kada ya raina ni.
Ya ce albarka. Na ɗan ƙara.
Ya kira mai shi a waya, aka sallama.

Da dare Uwale ta juya rasit gaba da baya.
“Jirgi. A Abuja.
Mutumin da gwiwarsa ke kuka in ya yi ruku'u.”
Na ce 'yan yawon Asabar za su biya, dubu biyu kowane kai.
Ta ce lissafin dokin Rano.
Ban musa ba.

Sai da ta kashe fitila,
har na zaci barci ya ɗauke ta, ta ce:
“Rigar nan mai hana nutsewa,
in za ka saya, ka sayi biyu.
Ni ban taɓa hawa ruwa ba.”